Tsohon Banso a Shagon Kafinta: A Gyara Shi ko a Sayi Wani?

Duk kafintan da ya mallaki banso, injin zarton nan mai tsayi da ake yanka lanƙwasa da shi, akwai ranar da zai tsaya a gabansa yana lissafi. Zarto ya fara kauce wa layin da aka zana masa. Inji yana karkarwa har fensirin da aka ajiye a kan teburinsa ya gangaro ƙasa. Zarto yana yawan tsinkewa, moton da ke juya shi kuma yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya dafawa. Yaran shago sun fara cewa, "Maigida, injin nan fa ya gaji." Dillali kuma ya riga ya turo hoton wani sabo fil ta WhatsApp, fenti yana ta sheƙi. Tambayar da ke gaban kafintoci da dama ke nan a Takur da sauran unguwannin Dutse: a ƙara zuba kuɗi a tsohon, ko a miƙa shi ga 'yan gwangwan a nemo wani?

Ra'ayina shi ne, mafi yawan injinan da ake cewa sun gaji ba su gaji ba. Abin da ya ƙare a jikinsu ƙananan kaya ne da dama can an yi su ne don su cinye a sake su. Amma akwai injin da gyara shi asara ce tsagwaronta, akwai kuma kafintan da aikinsa ya girmi injinsa, ko da lafiyar injin ƙalau. Rarrabe waɗannan ukun shi ne aikin, kuma da ido da hannu ake yin sa, a tsaye gaban inji.

A da can tambayar ba ta da zafi haka. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da Dutse babban birninta, aikin katako bai yanke wa garin ba: ofisoshi, gidajen ma'aikata, bencinan makarantu, sannan Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ta zo da nata buƙatun. A kan wannan duka ga kayan ɗakin amare, waɗanda su ne ƙashin bayan sana'ar a ko'ina a ƙasar Hausa. Mai aiki a hannu yana iya yin adashi ya sauya inji. Abin da ya jirkita lissafin shi ne shekarar 2023. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Banso kuwa, sabo ne ko tokumbo, da dala ake shigo da shi. Saboda haka ƙarfen nan da ke tsaye a lungun shago, wanda aka saya tun dala tana da sauƙi, darajarsa a yau ta ninka abin da mai shi ke zato.

Ginin banso ba shi da sarƙaƙiya, shi ya sa yake daɗewa. Wili biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Siririn zarto da aka haɗe bakinsa biyu ya zama zobe yana zagaye su. Moto yana juya wilin ƙasa ta hanyar bel, wilin sama kuma ana ɗaga shi da sukurun da ke danne sifirin don zarto ya ɗaure. A tsakani akwai tebur, da mariƙai a samansa da ƙasansa masu hana zarto karkacewa ko ja da baya. Shi ke nan. Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar wannan dabara tun 1809, amma ta yi shekaru ba ta yi amfani ba saboda mahaɗin zarton ba ya jure lanƙwasa, har sai da wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta samo hanyar haɗa shi a 1846. Abin lura a nan shi ne, tun ranar farko matsalar banso a zarto take, kuma har gobe a can ya kamata a fara dubawa.

Ana yawan raina wannan. Zarton da ya dakushe, ko wanda haƙoransa na gefe ɗaya suka fi na ɗaya gefen cinyewa saboda ya ci karo da ƙusa ko tsakuwa, dole ya riƙa janyewa gefe guda, komai kyawun injin. Yaro ya ga ba ya ci, sai ya ƙara danna katako. Dannawar ta sa zarto ya yi zafi, moto ya yi nishi, yanka ya fito da tumbi a tsakiya. Sai a ɗora wa inji laifi. Haka nan zarto mai ƙananan haƙora masu yawa, idan aka tura masa katako mai kauri, dusa ta cika tsakanin haƙoran ba ta samu hanyar fita ba, sai ya koma ƙona katako maimakon yanka shi. Ƙa'idar masu sana'a ita ce kada haƙoran da ke cikin katako a lokaci guda su gaza uku, kuma don tsaga katako mai kauri zarto mai haƙora uku ko huɗu a kowane inci ake so. Faɗinsa ma da magana: mai faɗin milimita 6 shi ke shiga ƙaramin kwana irin na adon hannun kujera, mai milimita 12 zuwa sama shi ke riƙe miƙaƙƙen layi. Kauri kuma yana bin girman wili. Ƙaramin inji mai wilin inci 14 zarto mai kaurin kusan milimita 0.65 ya dace da shi. Idan aka yanko masa mai kauri daga naɗin da aka yi don manyan injina, lanƙwasar da yake sha a kan ƙaramin wili za ta riƙa tsattsaga shi daga gindin haƙora har ya tsinke. Kafinta ya yi ta zargin mai walda, alhali tun wurin saye aka yi kuskure.

Mahaɗin ma a dube shi da kyau. Wanda ya iya aikin zai fere bakin zarton biyu da magagari su kwanta a kan juna, ya daidaita bayansu a miƙe, ya haɗa, ya sake ɗumama wurin a hankali don kada ƙarfen ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa, sannan ya goge har kaurin wurin ya yi daidai da sauran jikin. Idan aka bar tudu a mahaɗi, za ka ji shi: duk zagaye ɗaya sai ya buga mariƙi, ƙas, ƙas, ƙas. Idan kuma bayan bai miƙe ba, za ka ga zarto yana leƙowa gaba yana komawa. Kafin kowa ya yanke hukunci a kan tsohon banso, ya fara saka masa sabon zarto mai kyau wanda ya dace da shi, ya gwada. Wannan shi ne gwaji mafi araha, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Idan an sa sabon zarto abin bai gyaru ba, sai a kashe wuta daga tushe, a cire zarto, a cire bel, a buɗe murafu. A share dusar da ta daskare, a kawo tocila.

Fara da robar da ke kewaye da kowane wili, wadda zarto ke hawa. A Dutse, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 sannan hunturu ya zo ya busar da komai, roba ba ta daɗewa. Za ka same ta ta tsattsage, ko ta yi kwari inda haƙora suka daɗe suna cin ta, ko ta saki tana zamewa. Ya kamata tsakiyarta ya ɗan fi gefunanta tudu, domin wannan tudun ne ke riƙe zarto a tsakiyar wili. Idan ya baje, zarto zai yi ta yawo. Wasu kan yanko tsohon tib na mota su manna. Yana fitar da mutum kunya na ɗan lokaci, amma kaurinsa ba ya zama ɗaya ko'ina, mahaɗinsa kuma yana yin tudu, sai karkarwa ta ƙaru. Robar da aka yi don aikin, ko a kai wilin a zuba masa roba a daidaita ta a inji, ita ce gyaran gaskiya.

Daga nan ka kama wili da hannu biyu, dama da hagu, ka girgiza. Idan ka ji yana ƙwas-ƙwas, boris ya tafi. Juya shi a hankali ka saurara: gurnani ko ƙarar yashi duk boris ne. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Boris yana da lamba a jikinsa, kuma yawancinsu irin waɗanda ake sa wa motoci da injinan niƙa da famfunan ban-ruwa ne, ana samun su a wurin masu kayan gyara a Dutse, in ya faskara a Kano. A dai nemi mai rufi a gefe biyu saboda ƙura, a kuma guji na bogi, don shi ne ke cinye sandar da yake zaune a kai. Sai ka riƙe alli kusa da gefen wilin, hannunka a jingine da jikin inji, wani ya juya maka. Idan allin ya taɓa ko'ina daidai, madalla. Idan ya taɓa gefe guda ya bar sauran, ko wilin ya karkace ko sandarsa ta lanƙwashe. Sanda ana iya sassaƙa sabuwa a wurin masu injin sassaƙa ƙarfe. Wilin da ya karkace kuwa magana ce babba. Sannan ka juya wilin ka sake shi ya tsaya da kansa, ka yi alama a ƙasansa, ka maimaita. Idan kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa, gefe ɗaya ya fi nauyi, kuma wannan ma ana gyara shi da ɗan ƙarin nauyi a ɗaya gefen.

Mariƙan zarto su ne aka fi wulaƙantawa a shagunanmu. Sau da yawa za ka tarar na ƙasan tebur babu shi ma gaba ɗaya, ya faɗi tun shekarun baya ba wanda ya nema. Na sama kuma ya cinye, an ɗaure shi da waya. Ga shi kuwa gyaransu ba ya cin kuɗi: ƙananan boris ne, ko 'yan guntayen ƙarfe, kuma tsofaffin kafintoci sukan fere su daga itace mai tauri irin su ƙirya, su yi aiki lafiya lau. Tazarar da ake bari tsakaninsu da zarto ba ta wuce kaurin takarda ba. Sifirin ɗin da ke ɗaure zarto shi ma yana mutuwa, musamman a shagon da ba a sassauta shi idan an tashi aiki. Idan ka ga an murɗa sukurun har sifirin ya manne da juna amma zarto bai ɗauru ba, a sake shi.

Duk waɗannan da na lissafa, roba da boris da mariƙai da sifirin da bel, ko a haɗa su gaba ɗaya ba su kai kusa da kuɗin sabon inji ba. Inda hukunci yake shi ne gangar jikin.

Tsofaffin injinan Turai, irin na kamfanin Wadkin da aka kafa a Lesta ta Ingila a 1897, da Startrite, da na Italiya irin su Centauro, da ƙarfen zubi mai kauri ko farantin ƙarfe mai nauyi aka gina su. Nauyin nan shi ne amfaninsu. Yana shanye karkarwa, kuma idan aka ɗaure zarto mai faɗi da ƙarfi wuyan injin ba ya rusunawa. Amma ƙarfen zubi yana da aibi guda: ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Kuma ba a wurin aiki yake tsagewa ba, yawanci a wurin ɗauka ne, ranar da aka sauke shi daga mota ba da kula ba, ko aka ɗaga shi ta teburinsa. Saboda haka a haska tocila a wuyan injin, a gindin wilin sama, a hannuwan wili, da maƙallan da ke ƙarƙashin tebur. Layin tsatsa siriri da ya ratsa fenti alama ce. Tsohuwar walda da aka shafe da fenti ita ma alama ce. Maƙalin tebur idan ya karye ana iya ƙera wani. Amma wuya ko wili idan ya tsage, ni dai ba na ba da shawarar a yi masa walda a ci gaba da aiki. Ƙarfen zubi yana buƙatar a gasa shi kafin walda, a bar shi ya huce a hankali bayanta, da sandar walda ta musamman, kuma ko an yi hakan da wuya ya koma daidai yadda yake. Wilin da ke gudu da zarto a kusan mita 900 zuwa 1,000 a minti ɗaya, yaron mutane yana tsaye a gabansa, ba wurin gwaji ba ne. Irin wannan injin a cire moto da teburi da duk abin da zai yi amfani, sauran a auna a kilo.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ta kusa fin maganar injin kansa nauyi. Wutar Jigawa a hannun kamfanin KEDCO take, kamar Kano da Katsina. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga wajen naira 68 zuwa sama da 200 a kowane yunit, wanda ke kan layi mai samun wuta sosai yana biya da tsada, wanda ba ya kai kuma yana ƙona mai a janareta. Ko ta ina, kowane ƙarfin doki da aka ƙara wa shago kuɗi ne a kullum. Abin da ya fi kashe moto kuwa ba ɗauke wuta ba ne, raunin wuta ne. Moton da aka yi don bolt 230, idan wuta ta zo ƙasa da haka sosai, sai ya riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima don ya riƙe nauyin da aka ɗora masa, koyil ya yi zafi, rufin wayar ya ƙone. Moto mai layi uku kuma, idan layi ɗaya ya ɗauke yana cikin aiki, zai ci gaba da juyawa a kan biyu yana gurnani har ya ƙone cikin ɗan lokaci. Sabon inji ba ya tsira daga wannan. Wanda ya sayi sabo ya jona shi a layin da ya ƙone tsohon, zai sake ganin hayaƙi. Ɗan makarin nan da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa ko layi ya ɗauke, da waya mai kauri daga mita zuwa inji, sun fi sabon fenti amfani nesa ba kusa ba.

Moton da ya ƙone ana naɗa masa sabon koyil, kuma akwai masu wannan sana'a. Sharaɗin shi ne a sa wayar tagulla mai kaurin ta asali, a yi adadin naɗin daidai, a shafa masa maganin rufi a gasa. Idan aka rage kaurin waya don a rage kuɗi, moto zai dawo ba ƙarfi, ga zafi. Wanda aka naɗa sau biyu ko uku yana ƙonewa, gara a nemi wani moton, domin a yawancin banso moto a waje yake, da bel yake aiki, kowane mai ƙarfi da gudu irin nasa zai hau. A dai duba farantin da ke jikinsa. Wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60, saboda haka moton da aka yi don Amurka gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida a nan, in ma ƙarfin wutarsa ya dace ke nan. Kuma kafin a ce za a ƙara girman moto, a tuna cewa a lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya daidaita. Moto mai ƙarfin doki 3, wato kusan kilowat 2.2, yana son janaretan da ya ninka shi kamar sau uku kafin ya tashe shi ba tare da ya durƙusa ba. Masu tunanin sola ma wannan lissafin ne ke jiransu. Akwai na'urar da ke karɓar wuta mai layi ɗaya ta ba moto layi uku, ta kuma tashe shi a hankali, kuma tana ceton tsofaffin injina masu layi uku da ba su wuce wannan girman ba. Sai dai ba ta son ƙura da zafi, dole a yi mata akwati mai shan iska.

To, a ce gangar jiki lafiya, wuta kuma an san yadda za a yi da ita. Saura tambayar da kafinta ne kaɗai zai amsa: wane aiki injin nan yake yi mini, wane kuma nake so ya yi?

Sana'ar ta sauya. Kayan ɗakin da amare ke so yanzu, gado da wadirob da madubi, mafi yawansu da allunan MDF ake yin su, kuma yankan allo miƙaƙƙe aikin zarto mai faifai ne. Kafintan da aikinsa ya koma can kusan gaba ɗaya, banso a wurinsa na ɗan adon kan gado ne da kwana-kwana. Bai kamata ya ci bashi don sabo ba. Ya yi wa tsohon ƙaramin gyara, kuɗin ya kai su inda aikin yake. Amma mai ƙera ƙashin kujerun kushin, da masu kujerun sarauta masu lanƙwasassun hannuwa da ƙafafu, da mai yi wa sauran kafintoci yanka ana biyansa, su banso ne abincinsu. Kwana ɗaya da inji zai yi a kwance a lokacin bukukuwa, bayan kaka ko gab da salla, asara ce da za a ji a jika.

Akwai kuma tsaga katako mai kauri zuwa falle-falle, inda banso ya fi kowane zarto. Katakon da ake aiki da shi a Dutse, in ka cire ɗan abin da ake samu a gida irin su darbejiya da turare, daga nesa yake zuwa. Daga dazukan kudu da tsakiyar ƙasa ake lodo shi zuwa kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, sannan ya biyo ta Wudil da Kwanar Huguma, kowane zango da kuɗin motarsa. Itatuwa masu daraja kuma suna ƙara wuya. Madobiya, wadda aka yi wa wawaso a Taraba da maƙwabtanta ana kai wa Sin, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga farkon 2017. A irin wannan hali duk abin da zarto ya mayar dusa kuɗi ne. Bakin banso yana cin kamar milimita ɗaya da rabi, zarto mai faifai yana cin uku ko fiye. Ɗauki katako mai kaurin milimita 150 da ake so a fitar da falle masu milimita 10: da banso za a samu 13, da zarton da ke cin uku da rabi za a samu 11. Falle biyu a kowane gungume, a tara su a shekara.

Nan ne ƙaramin inji ke gazawa, kuma nan ne nake cewa a sauya. Banso mai wilin inci 14, samfurin da kamfanin Delta na Amurka ya fitar a shekarun 1930 wanda masana'antun Taiwan da Sin ke kwaikwaya har yau, yana tsaga katakon da bai wuce inci 6 ba. Ana sa masa wani ƙarfe a wuya a ƙara tsayinsa ya kai inci 12, amma moton nan dai shi ne, wuyan kuma ya ƙara rauni, ba zai ɗaure zarto mai faɗi yadda ake so ba. A ƙara wuya, a ƙara moto, a sauya sifirin, a sauya mariƙai, a ƙarshe an kashe kuɗin babban inji a kan ƙarami, kuma bai zama babba ba. Wanda aikinsa ya kai tsaga manyan katakai kullum, ya nemi mai wilin inci 20 ko 24. Tsohon kuma kada ya sayar in yana da hali. Ya bar masa siririn zarto don lanƙwasa, babban ya riƙe mai faɗi, ya huta da sauya zarto sau da yawa a yini.

In an tashi saye, sabo ko tokumbo? Ba na cikin masu cewa duk kayan Sin banza ne. Suna yin na ƙwarai, suna yin na araha, ɗan kasuwa ne ke zaɓar wanda zai shigo da shi, kuma tun da naira ta faɗi an fi shigo da na arahar. Araha kuwa ba ta ado. Alamominsa a bayyane suke: jiki na falle-fallen ƙarfe da ɗan yatsa ke iya lotsawa, wili mara nauyi, moton da aka rubuta masa ƙarfin da bai kai ba, wani lokaci ma da wayar alminiyam a cikinsa maimakon tagulla. A tambayi nauyin injin, a gwada girgiza shi, a ɗaure zarto a ga ko wuyan yana motsi. Tokumbo mai nauyi da gangar jikinsa ke lafiya ya fi irin wannan sabon, amma duk binciken da na zayyana a sama sai an yi masa, da tocila da alli, kafin kuɗi su fita. Kada a saya a hoto. A je da katako mai tauri, a sa a tayar da inji a yanka a gaban mai saye. Dillalin da ya ce babu wuta a dawo gobe, a dawo goben.

Ta fuskar kuɗi, bashin banki mai ruwa ba abin da zan tura kafinta gare shi ba ne. Ko an ajiye maganar riba a addini, wadda ba ta ajiyuwa, kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci kuma sama da haka yake. Adashi, ko ciniki irin na murabaha da bankunan Musulunci kamar Jaiz ke yi, ko kafintoci biyu ko uku su haɗa hannu su sayi babban inji ɗaya su riƙa yi wa sauran yanka, duk sun fi sauƙi. A lissafin kuma a sa kuɗin mota daga Kano, da na masu saukewa, da dandamalin siminti, da waya, da janaretan da wataƙila zai buƙaci sauyi. Waɗannan su ne ke ba mutane mamaki bayan an riga an biya.

Abu guda ne ba na yarda a yi ciniki a kansa, ko gyara aka zaɓa ko saye. Tsofaffin injina da yawa suna aiki tsirara: murafun wili sun ɓace, bel a buɗe, makunni kuma wayoyi biyu ne da ake haɗawa da hannu. Zarto idan ya tsinke a injin da ba murfi, bulala ce mai haƙora. Masu tsayawa a gaban injin nan kuwa yawanci yara ne da iyayensu suka kawo amana su koyi sana'a. Murfi aikin mai walda ne na yini ɗaya, ko a yi shi da filawud a cikin shagon. Makunni ya zama inda hannu zai kai nan take. Mariƙin sama a riƙa sauke shi kusa da katako, kada a bar zarto tsirara sama da abin da ake yankawa. Ga kuma ƙura: tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci, ta MDF kuma ga sinadarin gam a cikinta. Takunkumin fuska da shara a kullum ba su da tsada.

Saboda haka, Malam kafinta, kafin ka amsa wa dillali, ka ware yini ɗaya. Ka sa sabon zarto, ka cire bel, ka girgiza wili, ka haska wuya. In ƙarfen lafiya yake kuma girmansa ya ishi aikinka, gyara shi, ka fara da murfi da makarin wuta. In ka ga tsaga a wuya ko a wili, kada ka sake kunna shi.